Na'urar da ta yi wa Alhaji tafiya

Tana nan har yau a cikin kwallar da nake ajiye zare da allura. Ba ta kai kwalin ashana girma ba. Baƙa ce, da ɗan gilashi a fuska inda lambobi ke fitowa, da maƙali a baya irin na biro. Batirinta ya mutu tuntuni, amma in ka girgiza ta za ka ji wani abu a ciki yana ƙas-ƙas. 'Yata ta sha cewa in jefa ta a shara in huta. Na ƙi. Duk ranar da na ji zuciyata ta fara sanyi a kan abin da ya faru, sai in buɗe kwallar in dube ta, ɓacin raina ya dawo sabo fil. Ba na son ya huce, shi ya sa nake ajiye da ita.

Maigidana, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne a nan Daura. Gero, dawa, wake, abin da damina ta kawo. Tun da na san shi a kan babur yake. Lahadi yana Mai'adua, sauran ranaku duk inda kasuwa ke ci, Mashi ne, Dutsi ne, ƙauyukan bakin iyaka ne. Masallacin unguwarmu kaɗai yake takawa da ƙafa, shi ma don yana jikin katangar maƙwabcinmu ne. Mutum ne mai jiki, mai son fura da sukari da shayi mai kauri. Ni kuwa malamar firamare ce. Shekaru na yi ina taka ƙasa zuwa makaranta da dawowa, cikin rana da cikin ruwa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan an fara shari'a a jiharmu da wasu shekaru, Alhaji ya kamu da wata ƙishirwa marar kan gado. Ya sha ruwa, ya zaga bayi, ya dawo ya sake sha. Rigunansa suka fara yi masa yawa a kafaɗa, tumbin kuma yana nan daram. Da ƙyar na tura shi asibiti, kuma na bi shi, don na san halinsa: in ya je shi kaɗai, zai dawo ya ce mini likita ya ce gajiya ce. Aka ɗebi jini, aka ce ciwon suga ne. Likitan wani siririn matashi ne. Ya rubuta magani, ya hana shi sukari, sannan ya faɗa masa abu biyu da na ji da kunnena. Na farko, ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, tafiya ta gaske, har gumi ya karyo masa. Na biyu, ya lura da ƙafafunsa, domin wannan ciwon yana kashe jin ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa har ta kai ga yanka. Da likita ya ambaci yanka, na ga Alhaji ya sunkuyar da kai yana duban yatsunsa a cikin takalmi.

Ya tsorata, in faɗi gaskiya, kuma ya yi niyya. Washegari da aka idar da sallar asuba bai shigo gida ba, ya miƙi hanyar Zango da ƙafa. Ni har na ɗora masa ruwan wanka ina murna. Wallahi ruwan nan bai yi zafi ba na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure, sai ga Alhaji yana saukowa daga bayan babur ɗin wani tela na unguwarmu, yana ta zuba masa godiya.

Na ce, “Alhaji, wannan ce tafiyar?”

Ya ce, “To ya zan yi, Hajiya? Bawan Allahn nan ya tsaya, ya kashe babur, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya rantse ba zai wuce ya bar ni a ƙasa ba. In ce masa me?”

“Ka ce masa likita ne ya sa ka.”

“In tsaya a bakin titi ina tallar ciwona?”

To, kun ji inda abin ya fara. A garin nan, in aka ga mutum mai furfura da babbar riga yana tafiya a ƙasa, ɗayan biyu ne: ko abin hawansa ya lalace, ko arzikinsa ya karye. Wanda ya wuce shi a kan babur bai tsaya ba, an ce ba shi da tarbiyya. Shi kuma in ya ƙi hawa, an ce girman kai ne, ya raina babur ɗin talaka. Ciwo kuwa ba a faɗa. Ka ce kana da suga, gobe abokan ciniki su fara duban ka da ido ɗaya suna lissafin wanda zai gaji rumfarka. Haka Alhaji ya yi imani, kuma ban ce duk ƙarya ba ne. Amma don Allah, mutum yana neman ceton ƙafarsa, gari guda ya taru a kansa da ladabi ya hana shi!

Ranar da ya tsira daga masu babur, masu gaisuwa ne suka kama shi. Bakin kowane zaure da tabarma, kan kowace tabarma da dattijo. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya muka ji da tsadar wake. Dole ya tsaya, wani wurin ma dole ya cire takalmi ya zauna. Sai hantsi ya dawo da goro a aljihu da labarin duk wanda aka yi wa haihuwa a unguwa uku, rigarsa a bushe ƙamas. In na ce ina gumin, sai ya ce ai ya fita, fitar ce likita yake so.

Abin da ya kashe maganar gaba ɗaya buhun gero ne. Wata safiya aka yi sallama, mai amalanke ya sauke buhu a zaurenmu. Ya ce wani aminin Alhaji ne ya aiko, kuma ya ce kada a faɗa wa kowa. Buhun gero, jama'a, a gidan mai sayar da gero! Ashe magana ta zaga gari cewa Alhaji ya karye, kullum ana ganin sa da sassafe yana yawo a ƙasa yana tunani. Kafin la'asar sai ga yayarsa daga Dutsi. Ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni ɗaki tana raɗa.

“Ke, faɗa mini tsakaninki da Allah. Wai ƙanena ya sayar da babur?”

Na ce, “Yaya, babur ga shi can a zaure, kin wuce shi da kika shigo.”

Ta ce, “To me yake nema a titi da asuba kamar wanda aka kora?”

Alhaji yana jin mu daga tsakar gida. Ranar bai ci tuwo ba. Buhun ba ya mayuwa, don mayar da kyauta cin fuska ne, sai ya sa aka rarraba wa maƙwabta. Daga ranar ya rataye tafiya. In na tayar da zancen, sai ya ɗauki rediyonsa ya koma zaure.

Muna cikin haka, wata Lahadi ya dawo daga Mai'adua fuska a sake. Tun daga zaure yake kira na.

“Hajiya, zo ki ga ikon Allah!”

Ya ciro ta daga aljihun gefe. Wani mai tebur ne ya sayar masa, cikin masu sayar da tocila da batir da carbin latsawa. Ya ce masa wannan na'urar tana ƙirga takun mutum, kuma Turawa sun ce in ta nuna dubu goma a yini, kai da likita sai gaisuwa. Alhaji ya maƙala ta tun da hantsi, ya yi harkarsa, ya biya ta wasu ƙauyuka biyu a kan babur ya dawo. Ya miƙo mini, na duba. Ta wuce abin da mai tebur ya faɗa da nisa.

Ya ce, “Kin gani? Ashe ni matafiyi ne ban sani ba! Zirga-zirgar kasuwa kawai ta wadatar. Duk wahalar nan da kika sa ni a banza.”

Na san zirga-zirgar kasuwarsa sarai. A kan buhu yake zama, ya tanƙwashe ƙafa, ya damƙi hatsi ya shinshina ya tauna, 'yan dako su ɗauka su kai mota. Amma ranar na yi shiru, don tun zuwan buhun geron ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa ya ba ta amana haka. Lokacin ne carbin latsawa ya cika gari, irin wanda ake sawa a yatsa. Alhaji yana da shi, kuma ya yarda da shi: ka latsa sau ɗaya, ya ƙara ɗaya, ba ragi ba ƙari. Sai ya ɗauka wannan ƙanwar carbin ce. Tebur ɗaya aka ajiye su, baƙin roba iri ɗaya, lambobi iri ɗaya. Har cewa ya yi, abin da ake ƙirga salati da irinsa ai ba zai yi ƙarya ba. Bai tsaya ya lura cewa carbi kai kake latsawa da niyyarka ba. Ita kuwa wannan girgiza take ƙirgawa, ko daga ina ta zo.

Na kama ta ne ranar wata Juma'a. Alhaji ya shiga wanka ya bar ta a kan tabarma. Na ɗauka, na danna ta koma sifili yadda na ga yana yi, na maƙala ta a ƙugun zanina, na zauna a kan kujera 'yar tsuguno na hau tankaɗen garin tuwo. Ko tashi ban yi ba. Da na gama na duba, sai ta ce na yi tafiyar da za ta kai ni bakin kasuwa. Na ce, ikon Allah! Na sake mayar da ita sifili, na taka a hankali daga madafa zuwa zaure, na dawo, na sake zuwa. Wannan tafiyar ta gaskiya kuwa sai ta tsallake kusan rabinta. Na riƙe ta a hannu na kaɗa, lambobi suka hau gudu. A take na hango babur ɗin Alhaji a kan hanyoyin ƙauye, da gargada da ramuka da yashi, ga babbar riga tana kaɗawa, ga 'yar banzar nan a aljihu tana rubuta masa ladan aikin da bai yi ba.

Yana fitowa na tare shi. “Alhaji, abar nan maƙaryaciya ce. Ina zaune ina tankaɗe ta ce na je kasuwa.”

Ya karɓe ta da sauri yana jujjuyawa. “Kin lalata mini ita ko? Don aljihun namiji aka yi ta, ba don ƙugun mai tankaɗe ba.”

“Babur ne yake maka tafiyar, wallahi babur ne. In ba ka yarda ba, ɗaure ta a kan kujerar babur, a zaga da shi, kai kana nan zaune. Mu gani in za ta tsaya.”

Ya ce, “Ba na son gwaje-gwaje. Ke dai ba ki son ki ga na huta da bakinki.”

Ya sa rigar Juma'a ya fita. Wannan “ba na son gwaje-gwaje” ita ta tsaya mini a wuya. Alhaji ba wawa ba ne. Mutum ne da in ka zuba masa tsakuwa a wake, daga nauyin kwano zai gane. Ya san akwai alamar tambaya. Amma abar nan ta ba shi abin da yake nema: ya bi maganar likita ba tare da wani ya sake aiko masa da buhu ba. Wanda ya ƙera ta, ko a wace ƙasa yake, Allah ya isa tsakanina da shi. Da ya yi abin wasan yara ya ce abin wasan yara ne, da ba ruwana. Amma ya yi abin da marar lafiya zai jingina da shi, ya bar shi yana ƙarya.

Ban haƙura ba. Na ce to mu fita tare bayan asuba, yana gaba ina binsa da hijabina har ƙasa. Ba mai babur ɗin da zai ɗauki miji ya bar matarsa a titi, ba kuma dattijon da zai zaunar da shi ni ina tsaye. Ya dube ni kamar na ce mu je gidan rawa.

Ya ce, “A wannan zamanin? Gari ya cika da wa'azi, idon kowa a kan matar kowa, a ce ga matar Alhaji can tana yawon asuba a bakin titi? Ki rufa mini asiri.”

Kun ji fa. Shekarun da na yi ina taka titin nan zuwa makaranta ba a kira shi yawo ba, don aiki ne. Amma in raka mijina neman lafiya, shi ne yawo. Na ce to ya zaga tsakar gida, ba mai ganin sa sai ni da kaji. Ya gwada sau ɗaya. Ya zaga dalbejiyar tsakar gidanmu kaɗan, ya tsaya, ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke. Ya ciro abar ya duba, ya ce ai jiya ma ta cika har ta yi rara.

Da ranar komawa asibiti ta zo, na sake bin sa. Layi har waje. Da muka shiga, likita ya tambaye shi ko ana tafiya. Alhaji ya ciro ta da alfahari ya ɗora a kan tebur. Likita ya duba, ya ce madalla, da duk marasa lafiyarsa haka suke da ya huta. Na kasa daurewa. Na ce, “Likita, babur ne fa yake tafiyar nan.” Ya yi dariya, ya ɗauka tsokanar miji da mata ce. Alhaji ma ya taya shi dariyar, amma idonsa a kaina. Kafin in ƙara wata kalma an kira na gaba. Sugan bai sauka ba, likita ya yi mamaki, ya ƙara magani. Alhaji ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa, wai na ƙaryata shi a gaban baƙo. Daga nan shi kaɗai yake zuwa asibiti.

Haka muka ci damina, muka ci rani. Kullum da yamma in ya dawo, kafin ya sha ruwa sai ya ciro ta ya nuna mini, ni kuma in kawar da kai. Ran nan ya dawo daga sallar azahar da takalmi ɗaya. Ya tako daga masallaci har tsakar gida, ƙafar dama ba takalmi, kuma bai sani ba sai da na nuna masa. Ya tsaya yana kallon ƙafar. Ya sa hannu ya mintsini babban yatsansa, ya sake mintsina. Sannan ya juya ya koma masallaci neman takalmin.

Washegari aka yi rasuwa a wata unguwa can ƙarshen gari. Ya shirya zuwa ta'aziyya, na ga ya wuce babur ɗinsa a zaure bai taɓa shi ba. Da ƙafa ya tafi, don kansa, ba ni na ce ba. Na yi hamdala har da ƙwalla. A hanyar dawowa, telan nan na farko ya ci karo da shi. Daga Mashi yake, ya yi tafiya mai nisa, salansar babur ɗinsa ta yi zafi jau. Ya tsaya, ya durƙusa, ya rantse. Alhaji ya hau. Idon sawunsa na dama yana kan salansar nan har ƙofar gida, yana ta hira da tela, bai ji komai ba.

Ni na gani, da ya zauna zai yi alwalar la'asar. Ya ja ƙafar wando ta ƙi janyuwa, ta manne da fata. Na saki butar da ke hannuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shi kuwa tambayata yake, “Mene ne? Me kika gani?”

Sai masu magani suka yi ca. Wannan ya ce zuma, wancan ya ce garin bagaruwa, yayarsa ta aiko da wani baƙin ƙulli daga Dutsi. Na ce duk wanda ya taɓa ƙafar nan da wani abu sai mun kwashi 'yan kallo. Na kai shi asibiti a ranar. Aka yi ta wanki ana ɗauri, ciwon yana ci gaba, gefensa yana baƙi. Aka tura mu Katsina. Can ma sun yi iya yinsu. Wata safiya babban likita ya kira ni da surukinmu, mijin 'yata, ya ce jini ba ya isa ƙafar yadda za ta warke, in aka jira kuma ran ne zai tafi. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Ni musulma ce, na yarda da ƙaddara, kada wani ya tashi yi mini wa'azi. Ban ce da ya yi tafiyar tabbas da ƙafar tana nan ba. Wannan sanin Allah ne. Abin da na ce shi ne, an ba mu abin da za mu yi, ba mu yi ba, kuma wani ɗan guntun roba ya yi ta shaida mana kullum cewa mun yi.

Ranar da aka sallame mu, surukinmu ya zo da mota. Alhaji ya sa rigar da ya zo da ita, wadda take ninke a jaka tun ranar da aka kwantar da shi. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyata. Bayan mun wuce Mashi, motar ta shiga wani wuri mai ramuka, sai na ji wani abu ƙasa-ƙasa a jikinsa, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas. Na gane sautin. Na rufe ido na cije leɓe har muka shigo Daura.

Da aka shigar da shi ɗaki aka zaunar da shi a bakin gado, hannunsa ya tafi aljihu da kansa, yadda ya saba duk ranar da ya dawo daga tafiya. Ya ciro ta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini, na ga lambobi sun cika gilashin.

Ya ce, “Hajiya, ta ce na yi tafiya.”

Ba wanda ya yi dariya. Ya ce in ajiye ta inda ba zai ƙara ganin ta ba, ya juya fuskarsa ga bango. Shekaru da yawa muna tare, ban taɓa jin kukan mutumin nan ba sai ranar.

'Yan dubiya suka cika gida. Kowa Allah ya sa kaffara ce, kowa haƙuri, haka Allah ya so. Aminin da ya aiko da buhu ya zo. Dattawan tabarma suka zo. Telan ya zo, ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana kuka riris, yana cewa da ya sani da ya karye hannu kafin ya tsaya. Ban tsane shi ba. Abin da uwarsa ta koya masa ya yi. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai: na duba gidan nan cike da mutane, ba wanda zan ci kwalarsa. Duk alheri suka yi. Yayarsa ce kawai ta tsokano ni, da ta ce, “Ai da kun faɗa mana suga ne, da ba a yi ta zarge-zarge ba.” Na ce, “Yaya, da an bar mutum ya yi tafiyarsa ba sai ya ba da dalili ba, da ya fi.” Ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Da dungulmin ya warke, likita ya ce maganar tana nan yadda take tun farko, ta ma fi ƙarfi: ƙafar hagu ma ta fara mutuwar ji, in ana son ta sai an motsa. Aka yi masa sanduna biyu na hammata. Ya koya a tsakar gida, yana zaga dalbejiyar da ya ce shi ba akuya ba ne. Ran nan bayan asuba ya ce in ɗauko hijabina.

Muka fita hanyar Zango, yana gaba ina biye. Na yi ta jiran masu cewa matar Alhaji tana yawon asuba. Ba ko ɗaya. Matan da ke shara a ƙofar gida cewa suke, sannu Hajiya, Allah ya ba da lada. Dattawan tabarma suka ɗaga hannu daga zaune, ba wanda ya ce ya zauna. Abin da ya zama abin kunya da yana da ƙafa biyu, yau ya zama abin yabo. Sai da aka yanke masa ƙafa sannan garin nan ya ba shi izinin tafiya.

Ba mu yi nisa ba sai ga wani matashi a kan babur, ban ma san shi ba. Ya ci birki, ya kashe, ya sauko ya durƙusa.

“Haba Baba, a wannan halin? Don Allah hau in kai ka.”

Alhaji ya tsaya, ya gyara sandunansa. Gumi yana bin wuyansa, rigarsa ta jiƙe a baya. Ya ce, “Na gode, ɗana. Ciwon suga gare ni, likita ne ya sa ni tafiya. Ɗayar nake so in tsira da ita.”

Matashin ya ce, “Ayya. Allah ya ba da lafiya, Baba.” Ya tayar da babur ɗinsa ya wuce.

Shi ke nan fa. Iyakar abin da ya faru ke nan. Bai ji haushi ba, bai ce girman kai ba ne, ko waiwaye bai yi ba. Na tsaya a bakin titi ina kallon ƙafar wandon da na naɗe masa da fil a gwiwa. Alhaji ya ɗan yi gaba, ya ji ba na biye, ya juyo.

Ya ce, “Taho mana, Hajiya. Da sauran tafiya.”